Kusurwata a Dardumar Mama Uche

Nazifi, ɗan ƙanina, shi ya fara sanar da ni cewa abin da na ƙarar da ƙuruciyata a kai ba sana'a ba ce. Kuma bai yi da rashin kunya ba. Har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi ciwon gwiwata, sannan ya ce, "Baffa, wankin darduma ai ruwa ne da sabulu. Mu a wajenmu minti ashirin an gama." Wajen nasu wurin wankin mota ne a Rijiyar Lemo, shi da abokansa uku da wani inji mai feso ruwa da ƙarfin da zai iya ɓare fenti. A allon ƙofa sun rubuta suna wanke mota, babur, kafet da darduma. Jariri ne kawai ba su sa ba, shi ma ina jin allon ne ya cika.

To wannan bayani naku ne, ku masu minti ashirin. Ba zan gajiyar da ku da duk dardumar da ta bi ta hannuna ba. Ta mutum ɗaya zan ba ku labari, wata mata a Sabon Gari da muke kira Mama Uche. Dardumarta tana da wani jan rini wanda ba sa ga maciji da ruwa. Shekara talatin da huɗu aikina a kanta ɗaya ne: in fitar da datti, in bar jan nan a inda masaƙi ya ajiye shi.

Amma bari mu fara daidaita suna, don na lura duk abin da ake takawa da ƙafa kafet kuke ce masa. Kafet ɗin kanti roba ce aka manna wa gashi, ko a kududdufi ya kwana ba abin da zai same shi. Darduma saƙar hannu daban take. Ba ta da gashi a tsaye, a shafe take, gabanta da bayanta kusan ɗaya. Zaren auduga ne a tsaye, ulu a kwance, kuma ulun nan wani ne ya rina shi a tukunya da abin da ya samu a ranar, bai bar wa kowa takardar bayani ba. Gezar da ke bakinta biyu ba ado ba ce, ƙarshen zaren tsayen ne, shi ke riƙe da komai. Na san wani Alhaji da ya sa almakashi ya datse ta, wai tana kama masa yatsun ƙafa. Kafin shekara ta zagayo yana da ulu mai yawa, amma ba shi da darduma.

Ni ma da irin bakinku na shigo. Ina da shekara ashirin da shida, mai wanki da guga ne ni a Fagge, kuma a ganina babu wanda ya kama ƙafata. Kusa da inda nake shanya akwai zauren Malam Agali, wani tsohon Buzu mutumin Agadas da ya daɗe a unguwar. Shi ake kawo wa dardumomin gidajen Larabawa da na Alhazan da suka gaji irin kayan nan. Na lura abin da ake ba shi a darduma ɗaya ya fi abin da nake samu a riguna ashirin, alhali rabin yini a zaune yake yana kallon abin da ya shimfiɗa a inuwa. Na ce a raina wannan ai cin banza ne, kuma ban ga dalilin da zai sa a ci ban da ni ba. Na je na ce ya ɗauke ni.

Ya dubi hannuwana ya ce, "Ka iya wanki?"

Na ce, "Duk Fagge an sani, Malam."

Ya ce, "Ayya. To sai dai mu yi haƙuri da kai."

Kayan aikinsa ba za su cika buhu ba. Sandar gora mai santsi, tsintsiyar laushi, burushin gashin doki, ƙwarya biyu, sabulun salo, lemon tsami, basilla da zare, sai tarin tsofaffin zannuwa farare. Babu mai waya a cikinsu, babu mai shan fetur, don haka na san ba za su burge ku ba. Wanda ya fi duka daraja shi ne wani farin ƙyalle da ba ya rabuwa da aljihunsa.

Wata uku ban taɓa ruwa ba, bugu kawai. A rataya darduma a kan itace mai kauri, bayanta a waje, a bi ta da sanda a hankali daga sama zuwa ƙasa. Ranar farko na zage ƙarfi ina dukanta, Malam ya leƙo ya ce, "Zaginka ta yi?" Shi ya koya mini cewa yashi ke kashe darduma, ba tabo ba. Yana shiga tsakanin zare, duk wanda ya taka sai ya goga, yana yanka ulun kaɗan-kaɗan ba mai gani. Idan ka zuba ruwa kafin ka fitar da shi, ka kwaɓa laka ke nan a cikin saƙa, in ta bushe kuma ta zauna daram.

Bayan bugu sai ƙyalle. Malam zai jiƙa shi da ruwan sanyi, ya matse, ya juya bayan darduma, ya danna a kan launi ɗaya na tsawon karatun Fatiha, ya ɗaga ya duba. Haka zai bi kowane launi. Idan ƙyallen ya fito fari, ana iya wanki da ruwa kaɗan. Idan ya ɗauko launi, to rinin yana zuba, kumfa kaɗai za ta taɓa wurin. Ni a lokacin gani nake tsoho ne kawai yake jan aiki don a ce ya wahala.

A wata na huɗu aka kawo ta Mama Uche. Lokacin Madam muke ce mata. Tela ce a kasuwar Sabon Gari, Ibo ce haihuwar Kano, kuma Hausarta ta fi ta wasunku kaifi. Da kanta ta kawo ta a tasi. Darduma ce doguwa, fari da baƙi da ja, jan an jera shi layi-layi kamar haƙoran zarto a kan farin. A kusurwa ɗaya manja ya zube, faɗin tafin hannu, ranar bikin baftismar jaririyarta Uche. Malam ya ciro ƙyalle. Baƙin ya tsaya. Jan kuwa ya bar shaida kamar an goge bakin mai cin goro. Ya ce mata kwana huɗu. Da ta tafi ya ce mini, "Wannan jan ba ya son ruwa. Ka buge ta, ka share, ka barbaɗa garin rogo a kan manjan ya tsotse. Kada ka ƙara komai." Sai aka aiko masa da rasuwa a Kurna, ya tafi jana'iza.

Ni kuwa manja ba baƙona ba ne. Na fitar da shi daga riguna ba adadi, kuma duk mai wanki ya san hanyar: ruwan zafi, garin sabulu, a jiƙa. Na dubi garin rogon nan na ga wasan yara ne. Na ce bari tsoho ya dawo ya tarar an gama, ya san wa ya ɗauka aiki. Na tsoma kusurwar a baho, na ɗora dutse kada ta zame, na tafi cin shinkafa da wake hankali kwance. Har ƙari na nema.

Da na dawo ruwan bahon ya zama zoɓo. Jan ya bar layinsa ya shiga farin, ya haura kusan kamu ɗaya, wurin ya koma wani launi mara suna, tsakanin ruwan hoda da jar ƙasa. Na yi ta ɗauraya, abin yana ƙara tafiya. A haka Malam ya same ni, tsugune, hannuna ja har wuyan hannu. Bai ɗaga murya ba.

"Ka ci abinci?"

"Na ci, Malam."

"Madalla. In ta bushe za ka ɗauke ta a ka har Sabon Gari, da ƙafa, kuma ba zan bi ka ba. A zauren nan wanda ya yi ɓarna shi ke kai kaya, kuma shi ke faɗa da bakinsa kafin mai kaya ya gani da idonsa."

Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, nasu ciki da falo. Na sauke, na faɗa kafin a warware, kamar yadda aka umarce ni. Ta warware da kanta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta gaya mini abin da ban tambaya ba. Mijinta ma'aikacin reluwe ne. Da albashinsa na farko bayan aurensu ta aike shi sayen kujeru, ya haɗu da wani Buzu a bakin tashar jirgin ƙasa, ya dawo mata da darduma. Wata biyu suna zama a ƙasa tana yi masa gori. A kanta suke durƙusawa addu'ar safe, a kanta ɗansu na fari ya yi rarrafe.

Sai na ce, "Amma dai manjan ya fita, Madam."

Ta ce, "Ya fita. Ya kuma tafi da maƙwabtansa. Yaya sunanka?"

"Sule."

"To Sule, dardumar nan ba za ta sake kwana a waje ba. Kai za ka riƙa zuwa nan kowace shekara kafin Kirsimeti, ka yi aikin a gabana."

Na ce, "Ni da na ɓata?"

"Kai ka riga ka koya a kanta. In na kai wa wani, shi ma a kanta zai koya, kuma kusurwa uku suka rage mini."

Da na koma na gaya wa Malam, ya ce matar nan ta fi ni hankali, ta fi shi ma. Washegari ya yaga gefen wani farin zane ya miƙo mini. Shi ne ƙyallena na farko.

Ga abin da nake yi a kwana huɗun nan, ku da kuke tambaya me ke cinye lokacin. Ranar farko bugu da shara, gaba da baya, tsintsiya tana bin kwancin ulu ba ta saɓa masa. Sai ƙyalle. Ko da na san amsar sai na gwada, kuma kowace shekara jan amsa ɗaya yake ba ni. Rana ta biyu in shimfiɗa ta a barandarsu a kan tabarma, in kaɗa sabulun salo a ƙwarya har ya yi kumfa, in ɗebi kumfar kaɗai da burushi, ban da ruwan da ke ƙasa. Wuri kamar faɗin faranti nake yi, in goge da zane mai danshi da aka ɗiga wa lemon tsami, in danne da busasshe, sannan in matsa gaba. Fari da zanensa, ja da nasa, ba sa haɗuwa. Idan an gama a jera zannuwa a kai, a naɗe tare, a bi da ƙafa a tattaka, ba a murɗewa. Sauran kwana biyun na shanya ne, a kwance, a inuwa, ana juyawa safe da yamma, ana jan gefe da gefe don kada ta karkace. Idan ka rataye ta da danshi nauyinta zai ja ta ta yi tumbi, idan ka ba rana ta shanye launin. Wannan zaman ne na taɓa kira cin banza.

Idan na mayar da ita falo, sai in san yadda na yi kusurwar nan ta shige ƙarƙashin kujera, don daga baya sun sayi kujerun. Ita kuma sai ta tsaya a kaina ta ce, "Malam Sule, ina kusurwarka?" Ta jawo ta fili. In ta yi baƙi har nuna musu take yi, ta ce su zo su ga sa hannun gwani. Ba ta taɓa mantawa da tambayar nan ba, ko a shekarar da mijinta ya rasu.

Sauran masu kawo aiki ba su kai ta faɗin gaskiya ba. Kowane tabo a bakin mai shi ruwa ne kawai ya zube, alhali hancinka yana gaya maka jika ne ya yi fitsari. Kuma ƙaryar tana da illa, don kowane tabo da maganinsa. Shayi da ruwan sanyi ake binsa tun bai bushe ba, ana dannawa, ba a gogewa. Kyandir a bar shi ya daskare, a kankare, a ɗora takarda a bi da dutsen guga mai ɗumi. Lalle kuwa sai dai ku saba da juna. Wata Hajiya ta kawo mini wadda garwashin turaren wuta ya huda, ta ce in wanke mata baƙin. Na ce Hajiya wannan rami ne, ni ban iya wanke rami ba. Ta ce ashe dai yabon da ake mini ya fi aikina. Wani Alhaji kuma ya ce me zai sa ya biya ni kwana huɗu alhali biyu a zaune nake. Na ce ya ɗauki abarsa a rana ta biyu ya je ya zauna da kansa. Ya ɗauka, ya baza ta a kan motarsa a rana, ya dawo bayan mako yana tambaya ko ina sayar da launi.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda Malam Agali ya rasu. A shekarar kafet ɗin roba ya cika kasuwa da araha, mutane suka riƙa naɗe kayan kakanninsu suna jefawa bayan ƙofa, suna shimfiɗa roba mai hoton furanni bango zuwa bango. Damina kuma ta zo da ruwan da ba ya ɗaukewa. 'Yan dardumomin da aka kawo suka ƙi bushewa, biyu suka yi funfuna a hannuna, na kai wa masu su na faɗa da bakina. Daga nan aiki ya tsaya cak. Na koma guga, wasu ranakun har dako na yi a bakin tasha, ni mai taƙama da burushin gashin doki.

A cikin wannan damina, wata safiya, Mama Uche ta aiko maƙwabcinta ya kira ni. Ruwa ya shiga gidansu har gwiwa. Na tarar katifa ta jiƙe, rediyo ta mutu, takalma sun watse ko'ina, darduma kuwa tana can saman durowar kaya, don ita suka fara ɗagawa. Sai dai ta cusa ta a cikin leda don tsaro, kwana uku, ledar kuma ta riƙe danshi. Da na buɗe wari ya buge ni, funfuna ta fara fari-fari a gefe. Babu rana, babu busasshen wuri a gidan. Ta aro bencina uku daga cocinsu, na shimfiɗa ta a kai don iska ta bi ta ƙasa. In an kawo wuta mu sa fanka, in an ɗauke mu yi fifita da kwali, ni da ita da mijinta, ana karɓa-karɓa. Kwana tara muka yi. Da ta bushe na goge funfunar da busasshen burushi, na bi da lemon tsami. Jan bai motsa ba. Na ce mata daga yau ban da leda, in za a ajiye a naɗe kada a ninke, a sa busasshen ganyen darbejiya saboda asu, a lulluɓe da zanen auduga. Ta ce, "Ka ga amfanin wanda ya taɓa ɓarna." Aikin darduma ɗaya ke nan da na yi a wata biyar, kuma shi ya hana ni sayar da burushin.

Bara ne abin ya faru. Mama Uche ta tsufa, yanar ido ta kama ta har ba ta gane mutum sai da murya. Ɗanta na fari da ke can garinsu a Gabas ya matsa ta koma wurinsa, aka sa rana bayan Kirsimeti. Ta ce gado da kujeru a rabar, darduma kaɗai za ta bi ta. Na je farkon Disamba kamar kullum, da jakar kayana. Uche ce ta tare ni a ƙofa, wadda aka zubar da manjan ranar bikinta, yanzu nas ce mai 'ya'ya uku. Ta gaishe ni da fara'a.

"Baba Sule, bana na hutar da kai. Gwiwarka ba za ta ɗauki durƙuson kwana huɗu ba. Da safen nan na kai ta Rijiyar Lemo. Mama ba ta ma sani ba, tana ɗaki."

Na ce, "Wurin wa?"

"Wurin ɗanka mana, Nazifi. Na ga sun rubuta darduma a allo, na tambaya aka ce ɗan gidanku ne. Na ce to ai gida ne."

Na juya nan take. Na tare adaidaita na hau ko ciniki ban yi ba, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata.

Tun daga bakin titi na ga kwata tana gudu ja. An riga an gama. Sun shimfiɗa ta a siminti inda suka gama wanke wata motar haya, sun zazzaga garin sabulu, sun bi ta da inji gaba da baya, sannan suka rataye ta a katanga a tsakiyar rana tana ɗiga. Farin babu shi. Haƙoran zarton sun narke. Geza ta tsinke a wuri biyu. Nazifi ya taho yana goge hannu a wando, baki har kunne.

"Baffa, sannu da zuwa. Ka ga aiki? Wallahi dattin da ke cikin abin nan ba a magana. Kalli ruwan, jar ƙasa ce zalla. Sau uku muna bi tana fita."

Na ce, "Sau uku."

"Sau uku, Baffa. Ba don wata mota ta shigo ba da mun ƙara."

Na ce su sauko mini da ita.

Na kai ta zauren Malam, wanda ni ke cikinsa yanzu. Kwana huɗu a kwance a inuwa, ina ja ina daidaitawa, na ɗaure gezar da basilla. Siffarta ta dawo. Launi kuwa daga wannan baki zuwa wancan ya zama abu ɗaya, launin nan mara suna da na sani sarai. Na nemi kusurwata na rasa. Ban taɓa zaton zan yi kewar abin da na yi shekaru ina turawa ƙarƙashin kujera ba, amma na yi, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Nazifi ya kamata ya kai ta. Amma ba a zauren Malam ya koya ba, kuma ba don sunansa aka kai masa ba, don nawa ne. Na ɗauka. Gwiwa ba ta bar ni na je da ƙafa ba, Malam ya yi mini uzuri, Allah ya jiƙansa.

Uche ta riga ta zo zaure ta gani, ta sha kukanta, ta kuma gaya wa uwar cewa bana a wurina nake aikin saboda gwiwa. A ƙofa ta riƙe hannun rigata, ta rage murya. "Baba, don Allah kada ka faɗa mata. Ba ta gani. A naɗe za a sa ta a mota, a can ma ba wanda zai tsaya dubawa." Maganarta da hankali a ciki, kuma na so in bi. Na shiga ban yanke shawara ba.

Mama tana kan kujera. Na gaishe ta, na shimfiɗa ban ce komai ba, karo na farko da na saɓa wa dokar Malam. Ta zare ƙafa daga silifas, ta shafa ulun da tafin ƙafarta, ta ɗan dakata, ta sake shafawa. Sannan ta juyo wajen da nake.

"Malam Sule, ina kusurwarka?"

Uche tana bayanta tana girgiza mini kai. Kusurwa huɗu ne a gabana, duk wadda na ɗora hannunta a kai za ta yarda ita ce.

Na ce, "Mama, babu kusurwa. Duka ta zama haka."

Na faɗa mata komai, injin da katangar da cewa ɗan ƙanina ne. Ban sa sunan Uche ba, amma Uche ta sa kanta, tana kuka. Sai Mama ta tambaye ni.

"Farin fa?"

"Babu."

"Haƙoran?"

"Sai wanda ya san inda suke a da."

Ta gyaɗa kai. "Tun da na taka na ji ta yi kaushi. Jira nake in ji ko kai ma ka fara ƙarya da tsufa." Ta mayar da ƙafarta cikin silifas. "Uche, share hawayenki. Ni ban ga wannan ba, kuma ba zan gan ta ba. Wadda babanki ya sayo na san kamanninta, da ita zan tafi. Malam Sule, tunda duk ta zama kusurwarka, naɗe abarka."

Ta tafi bayan Kirsimeti da akwati biyu. Dardumar tana nan a zaure, a kanta nake zama.

Nazifi ya zo ban haƙuri, ubansa ne ya turo shi. Ya durƙusa ya yi dogon bayani, a ciki har da cewa ai ba a rubuta a jikinta kada a sa inji ba. Da ya gama ya dubi inda nake zaune ya ce, "Baffa, in ta yi datti ka aiko mana, kyauta za mu yi maka."

Na ciro farin ƙyalle daga aljihu, na jiƙa da ruwan buta, na matse. Na juya bayanta, na danna a inda jan yake a da, na karanta Fatiha. Shekara talatin da huɗu ina wannan gwaji a kanta, ban taɓa ɗaga ƙyallen babu shaida ba. Na ɗaga. Fari tas.

Nazifi ya leƙo, fuskarsa ta washe. "Ka gani, Baffa? Yanzu ba ta zuba."

Na ce, "E. Yanzu kam za ku iya wanke ta."